Maganar da Baba Yake Yi wa Akwati

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Talata bayan azahar, a kan tabarmarsa ta ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa, a gidanmu na Bande. Inna, matarsa, ita ce ta kai masa fura ta tarar ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Ta yi masa magana sau biyu. A na uku sai ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta kira maigidana da sunansa na yanka. Ɗan fari ne, tunda na zo gidan ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ina madafa na ji, sai muciya ta suɓuce mini.

Mutane sun zo. Tsofaffin ɗalibansa na Magaria sun cika ƙofar gida da babura, maza masu furfura a gemu, amma duk Mushe, wato malam, suke ce masa kamar jiya suka bar lakwal, makarantar boko. Na ji ɗaya yana ba da labari ta bayan danga: "Ni ya taɓa kora daga aji, don na ce kuran, wutar lantarki, yana zaune ne cikin waya kamar ruwa cikin tulu. Ya ce in je waje in yi tunani, in na gama in dawo." Aka yi dariya, dariyar ta mutu a tsakiya. Goggo, ƙanwarsa, ta iso daga Guci a kan amalanke, tun daga zaure take kuka tana cewa, "Ya tafi ya bar ni, yanzu da wa zan yi faɗa?"

Matan unguwa ma sun cika tsakar gida, kuma kukan gaskiya suka yi, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai kowace in ta share hawaye, idonta yakan kai ga ƙofar ɗakin nan, ta yi sauri ta kawar da kai. Ƙwansu na zabi yana ciki, kwana ashirin da ɗaya ke nan, saura bakwai a ƙyanƙyashe. Ba wadda za ta iya tambaya a gidan makoki, kuma ba wadda ta manta. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce maƙwabciyarmu, matar da mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Cuta ta shiga zabinta a bazarar nan ta share su kakaf. Ƙwai goma sha huɗu da suka bari su ne ragowar irinta, kuma Baba da kansa ya je ya kwaso su a cikin hularsa, ya sa su a gaba da na kowa. Ita ba ta ma kalli ɗakin ba. Ni ta kalla.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi yadda yake. Ɗalibansa za su tuna da Mushe, Goggo za ta tuna da abokin faɗa. Ni kuwa abin da na sani game da shi daban ne, kuma in ban faɗa ba, ba mai faɗa.

Surukarsa ce ni, shekara tara a gidansa, kuma gidanmu gida ne da aka riƙe kunya da ƙarfi. Tsakanina da shi gaisuwar safe ce kawai: in cire takalmi, in durƙusa, in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Idona a ƙasa. Shi ya sa na san ƙafafunsa fiye da fuskarsa. Na san farcen babban yatsansa na hagu da ya taɓa fita ya sake fitowa a karkace. Na san takalminsa na fata mai maɗauri, wanda aka ɗinke ya fi a ƙirga. Da za a jera mini ƙafafun dattawan Bande duka, zan fid da nasa ba gardama.

Da ya ajiye aikin koyarwa, kowa ya zaci zai zauna ƙofar gida ne da carbi da rediyo. Ina! Ya samo tsohon firigo da aka yar, ya kwashe cikinsa, ya sa masa ƙwan lantarki da fanka da batir, ya ɗora panno mai tara wutar rana a kan rufi. Wai injin ƙyanƙyasa. Mu dai akwati muke ce masa, har shi ma ya bi mu. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya yi ta tsiya: "Yaya, kaza tana kwanta wa ƙwan zabi tun kakanninmu, ba ta taɓa neman panno ba." Baba ya ce, "To kawo mani kazar da za ta kwanta wa ƙwan unguwa guda, in ba ta firigon." Sun yi shekaru suna wannan gardama a kan tabarma ɗaya, da akushi ɗaya a tsakaninsu.

Ba ya son a ce masa "haka muka taras". Ba ya shan shayi mai sukari, amma yakan ɓoye alewa a aljihu don jikoki. In mace ta kawo ƙwai, sai ya ɗaga kowane ya haska shi da tocila, ya yi masa alama da alƙalami: ta wannan da'ira, ta waccan ɗigo uku. Alamar maƙwabciyarmu zane biyu ne.

Ƙwan zabi yana son zafi, amma yana son laima, musamman a kwana ukun ƙarshe. In iska ta bushe, fatar cikin ƙwan takan manne wa ɗan tsako, ya yi ta tsattsaga har ya gaji ya mutu a ciki. Don haka a ƙasan akwatin akwai kwanon ruwa, a cikin ruwan kuma akwai wani ɗan faifai na tangaran, bai fi girman tsabar dala goma ba. In aka ba shi wuta sai ruwan ya tashi hazo fari mai sanyi. Daga Kano ake sayo faifan, kuma ba kullum ake samun mai kawowa ba. Ni ce mai zuba ruwan da share ɗakin, don haka ni na fi kowa ganin hazon.

A shekara ta biyu da fara aikin akwatin na yi kuskuren da har yau nake jin ɗacinsa. Na lura hazon yana raguwa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Baba yana zaune a ƙofa, taku uku tsakaninmu, amma ina ni ina yi masa magana? Sai na gaya wa Inna. Inna tana daka, ta ce to. Bayan kwana biyu ta tuna, ta gaya wa maigidana, a ranar da Baba ya tafi Magaria ta'aziyya. Maigidana mutum ne mai saurin hannu, kayan waya yake sayarwa a kasuwanni har Sassumbrum, kuma yana ganin ba abin da ke da waya a jiki da zai gagare shi. Ya cire taransfon Baba, mai auna wa faifan wuta, ya sa wani da ya fi ƙarfi. Hazo ya turnuƙe akwati, ya fito yana taƙama. Kwana biyu aka yi, faifan ya rabe gida biyu, hazo ya ɗauke, kuma lokacin ƙwan ya fara tsagewa.

Baba ya dawo ya tarar. Bai yi ihu ba. Ya zauna a tsakar gida da kwando, yana fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, yana jera matattun 'yan tsakin a ƙasa, kowane da gashinsa da ƙafarsa, cikakke. Sannan ya kira ɗansa.

"Kai ka ƙara masa kuran?"

"Na ga hazon ya yi ƙasa ne, Baba."

"Jakinka ya fara ɗingishi, sai ka ƙara masa buhu? Wa ya fara ganin hazon ya ragu?"

Maigidana ya kalli Inna. Inna ta kawar da kai. Ni ina bayan rumbu, ina so ƙasa ta buɗe in shige. Baba ya gane. Kwana huɗu bai amsa gaisuwar ɗansa ba, sannan ya bi matan gida gida yana ba su haƙuri, har ya ba wasu daga nasa zabin. Ni kuwa bai taɓa nuna mini komai a fuska ba.

Bayan mako guda ina shara a ɗakin, sai ya shigo, abin da ba ya yi in ina ciki. Na rakuɓe a lungu. Ya ajiye rababben faifan a kan kujera 'yar tsugunne, ya ajiye madubinsa mai ƙara girman abu a kusa, ya juya mini baya, ya fuskanci firigon.

"Ke akwati," ya ce, "ki saurara da kyau, tunda mutanen gidan nan ba su da baki. Wannan faifan tangaran ne, amma ba irin na kofin shayi ba. In kuran ya shige shi ta nan, sai ya ɗan kumbura. In ya juyo ta can, sai ya ɗan tsuke. Kafin ƙiftawar ido ya yi haka ba adadi, shi ya sa ruwa yake tashi hazo. A cikinsa akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, suna juyawa duk lokacin da kuran ya juya. Wasu su juya, wasu su maƙale, sai su yi ta jan juna. In akwai ɗan ƙarce a bakin farin ƙarfen nan da aka shafa masa, a nan jan yake taruwa. Juyi ɗaya ba ya yin komai. Amma juyi bayan juyi, tsaga tana ƙara taku. Faifai ba ranar da ya rabe ya lalace ba, tun can baya ya fara."

Ya yi tari, ya gyara hula.

"In kuran kaɗan ne, tsagar takan tsaya, ko ta tafi a hankali. In aka ƙara, gudu take. Kuma ke akwati, in kin ga wani abu ya sauya, ki faɗa. Wanda ba ya iya gaya mani, ya gaya maki ina ji."

Ya fita. Na ɗauki madubin na duba. Na ga inda tsagar ta faro, ɗan wuri a gefe da ya yi duhu, da yadda ta bi ta ratsa, ta fi gashi siranta. Na daɗe ina kallo, hawaye suna ɗiga a kan zanena.

Daga ranar nan haka muka zauna, ni da shi da akwati. Duk safiyar Juma'a yakan kashe wutar, ya ciro faifan, ya shanya shi a tafin hannu, ya duba, ya gaya wa akwati abin da ya gani, ya ajiye madubin ya fita don in duba ni ma. Faifan da ya mutu ba ya yarwa. Yakan naɗe shi a takarda, ya zana tsagarsa a jikin takardar, ya sa a gwangwanin madara. Inna tana ce masa maƙabarta. Na ɗauki wata uku kafin in iya buɗe baki. Ranar farko murya tana rawa na ce, "Akwati, ruwan rijiyar nan yana bar maki fari-fari a kan faifai." Daga ƙofa na ji ya ce, "Akwati ta yi gaskiya. A koma tace mata ruwa." Wallahi ranar nan har tuwona ya fi daɗi.

Faifan da ke ciki lokacin da ya rasu shi ne na ƙarshe. An yi saƙon wasu, ba su iso ba. Juma'ar da ta gabata ya duba shi ya ce, "Akwati, tsagarki ta kai rabi. In an lallaɓa ki, kya kai mu. In an matsa maki, kwana ɗaya ne." Kwana huɗu bayan haka ya riga faifan tafiya.

A kwanakin makoki ina girki ina leƙa ɗakin. Sama ta ƙi zuba, iska a bushe, zafi kamar a bakin murhu. Kashegarin sadakar uku da hantsi, ranar da ya kamata a daina juya ƙwai a ƙara laima, hazon ya koma kamar numfashi. Baba Ƙarami, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya shigo ɗakin da maigidana. Goggo da maƙwabciyarmu suka tsaya a ƙofa. Ni ina durƙushe da butar ruwa.

"Abin nan ya bi mai shi," in ji Baba Ƙarami. "Ko dai a raba wa mata ƙwansu kowace ta nemi kaza, ko kuma kai, ka ƙara masa wuta ya yi mana aikin kwana ukun nan a gama. Ai ka san kan waya."

Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa jajir yake. Amma a wannan lokaci ba kazar da za ta karɓi ƙwan da ya kwana ashirin da biyar, kuma na san abin da ƙarin wuta zai yi. Maigidana ma ya sani, tabon yana jikinsa, sai dai ba zai musa wa ƙanen ubansa ba kwana huɗu da binne uban. Ya sunkuyar da kai ya saci kallona. Maƙwabciyarmu ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki.

Ban san lokacin da na juya musu baya ba. Na fuskanci firigon, na ce:

"Akwati, mai ke ya ce tsagarki ta kai rabi. Ya ce in an matsa maki, kwana ɗaya ne. Ki yi haƙuri a rage maki wuta, a riƙa kunna ki ana hutar da ke. Za a sa maki jiƙaƙƙen tsumma da tiren yashi mai ruwa su taimake ki. Kada kowa ya buɗe ki sai an gama."

Goggo ce ta fara fashewa da kuka, tana cewa, "Muryarsa ke nan, wallahi maganarsa ke nan." Baba Ƙarami ya daɗe a tsaye. Ina ganin ƙafafunsa, irin na Baba ne sak, sai dai farcen. Can ya ce, "To akwati, ki yi yadda aka ce." Ya fita yana share fuska da hannun riga.

Kwana biyu na yi ina lallaɓa shi. In kunna, in ƙirga lokacin dafa shayi ɗaya, in kashe, in jiƙa tsumma ta ƙaramar kafar da ke gefe. Inna ta ɗauke mini girki. Ranar Litinin da tsakar rana faifan ya rabe. Ba ƙara, ba komai, hazon ne kawai ya tsaya. Amma ya kai mu inda 'yan tsaki suka fara fitowa, kuma ranar sadakar bakwai masu addu'a suna tsakar gida suna jin kukansu ta bango.

Ba duka suka fito ba. Waɗanda suka makara sun bushe a ciki, kuma ni na zauna da kwando na fasa su kamar yadda ya yi. Na maƙwabciyarmu, masu zane biyu, tara suka rayu. Ta kwashe su a ƙwarya, ta tsaya a ƙofar ɗakin tana ta sa wa Baba albarka. Matan unguwa suna ta yaba mini, wai na yi jarumta, wai na gaje shi. Duk wadda ta faɗi haka sai in ji kamar ta taka mini ciwo, don akwai abin da ba su sani ba.

Wata biyu kafin rasuwarsa na ga maɗaurin takalminsa ya koma ramin ƙarshe. Bayan kwana kaɗan na ga ya daina ɗaurawa. Idon sawunsa ya ɓace, ƙafar ta yi sheƙi, in ya cire takalmi shaidar fatar takan zauna a jiki ba ta tashi. Kullum da safe ina durƙushe a gabanta, ba wanda ya kai ni ganinta. Na gaya wa Inna. Ta ce ta yi masa magana, ya ce zama ne da zafi. Na gaya wa maigidana, ya ce in ya dawo daga kasuwa zai ɗauke shi a babur ya kai shi likita, kasuwa kuwa ba ta ƙarewa. Hanya ɗaya ta rage, wadda shi da kansa ya buɗe mini. Na shirya maganar, na haddace ta, na shiga ɗakin da ita ya fi sau goma yana zaune a ƙofa. Amma ruwa da faifai daban, jikin suruki daban. Kowace safiya sai in ce gobe, in yi wa akwati maganar ruwa in fito. Na san kwana ya ƙare, na san ba mai ƙara wa wani rana ɗaya. Duk da haka ni na gani, kuma kuskuren da ya yafe mini sau ɗaya shi na sake yi, a kansa.

Na naɗe faifan ƙarshe a takarda, na zana tsagarsa yadda na iya, na sa shi a gwangwanin madara tare da 'yan'uwansa. Da Inna ta fito da kayansa za a yi sadaka, na ɗauki takalmin in goge, sai na ga ya yanke maɗaurin da reza daga ciki don ƙafar ta samu wuri. Na roƙe ta ta bar mini shi. Ta dube ni, ba ta tambaye ni dalili ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa sanyin da ya nema wa ƙananan halittu ya tarar da shi a can. Allah ya ba Inna haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Sababbin faya-fayan sun iso daga Kano bayan sadakar arba'in. Jiya da safe na sa ɗaya, na zuba tataccen ruwa, hazo ya tashi fari tas. Takalminsa yana bakin ƙofa inda ya saba cire shi. Na durƙusa, na fuskanci firigon, na ce, "Akwati, ki gaya wa mai ke ƙafarsa ta kumbura, ya je likita a duba shi." Maganar ta fito sumul, ko rawar murya babu. Na ɗan jira, sannan na ɗauki butata na fito.